Injin buga zane a rigar waya: ya biya ni, amma da sharaɗi

Sana'ata zane ce: lalle, dagin Arewa, sunayen amarya da ango a kayan rabon biki. Da can wani mai bugawa a Legas nake tura wa aiki, ya buga a rigar waya ya aiko a mota. Ƙaramin oda ba ya karɓa, kuma sau da yawa jan da na zaɓa ruwan goro yake dawowa. Shi ya sa na tara kuɗi na sayi kayana: firinta Epson EcoTank da aka ɗura wa tawadar sublimeshan (wadda zafi ke shigar da ita cikin abin da za a buga), injin gashi mai danne zane da zafi mai shimfiɗaɗɗen faifai, takardarsa ta musamman da tef mai jure zafi.

Aikin kansa yana da daɗi ƙwarai. Za ki buga zanen a juye, ki manna takardar a kan wani siririn farantin alminiyom mai farar fuska, ki danne da zafi wajen digiri 190 na kimanin minti ɗaya. Zafin ne ke mai da tawadar tururi, ta shige cikin rufin foliyesta da ke kan farantin. A takarda zanen dishi-dishi yake fitowa, har ki ɗauka tawada ce ta ƙare. Da kin ɗaga takardar sai ki ga launi ya fito tar, siraran layukan lalle ko ɗaya bai cakuɗe ba. Sai ki ɓare ledar gam ki liƙa farantin a bayan robar rigar wayar. Na kankara da farce, na goga da jiƙaƙƙen tsumma, ko gezau. Yanzu mai biki kan kawo suna da safe ta karɓi kayanta kafin magariba, ko da guda ɗaya take so.

Yana da iyaka fa. Wannan tawada ba ta da fari, don haka a kan farar fuska kawai take aiki, kuma gefen rigar ba ya samun zane. Akwai injin da ke naɗe zanen har gefe, amma kowace waya sai an saya mata nata ƙarfen da ake ɗora rigar a kai.

Babbar matsalar, wadda masu tallan injin ba sa faɗa, ita ce samun farar rigar da za a buga a kai. Ta iPhone da Samsung tana nan birjik. To amma mutanenmu me ke hannunsu? Tecno, Infinix da itel, duk na kamfanin Transsion, kuma kowace shekara sai an fito da sabuwar Spark ko Camon ko Hot, gurbin kyamara ya sauya wuri. Rigar bara ba ta shiga wayar bana. Yana yi mini ciwo in ga mace ta zaɓi zane da murnarta, in ce mata babu ta wayarta. Dokata yanzu: sai na ji sunan waya da lambar samfurinta, na tabbatar akwai, sannan in karɓi kafin alƙalami.

Wuta ma abin lissafi ce, domin injin gashin ya haura wat 1,000, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarsa. Lokacin hunturu kuwa ƙwayar ƙura ɗaya a kan farantin kan bar farin ɗigo a tsakiyar zane, sai kin goge kowanne kafin ki danne. Firintar ma tana son a riƙa buga wani abu kowane mako don kada tawada ta bushe a kanta.

Ga mai zanen kanta da masu saye a hannu, ina ba da shawarar a saya, musamman da yake injin yana buga hankici da jakar rabon biki masu foliyesta. Sai dai kafin ki biya, ki zaga Farm Centre a nan Kano, ki tambayi dillalai wace farar riga suke iya kawo miki a kai a kai, ki gwama da wayoyin da ke hannun masu sayen kayanki.