Nafkin na tawul ko mai aljihu?

Na tawul, wanda ake naɗewa a ɗora wandon roba, ya fi araha, yana jure tafasawa, kuma rana ɗaya ta busar da shi. Matsalarsa naɗi: in cinya ta yi sako-sako, kashin jariri zai zubo.

Mai aljihu da maɓallai, wanda ake cusa tsumman tsotse fitsari a aljihunsa, ya fi sauƙin sakawa, ko kaka za ta iya. Sai dai ruwan zafi da guga suna lalata robar bayansa, basilin kuma yana toshe shimfiɗar ciki, fitsari ya riƙa gangarewa maimakon ya tsotse. Tsumman cikinsa yana jinkirin bushewa, musamman da damina.

Sabon haihuwa yana ɓata kusan 10 kullum, don haka a tanadi 24, su isa kwana biyu har da ragowa. Ga mai ƙaramin ƙarfi, tawul ya fi.