Iyalin cikin littafi ko na gidan ɗalibi?

Malamin da zai koya wa 'yan aji ɗaya maganar iyali da Turanci yana da hanya biyu: ya ɗauki iyalin da aka zana a littafi, ko ya sa kowane yaro ya yi bayanin gidansu.

Na littafi ya fi sauƙi. Uba, uwa, 'ya'ya biyu, kowa ya maimaita jimla ɗaya. Kuma ba ya sosa zuciyar maraya ko yaron da iyayensa suka rabu. Sai dai hadda ce kawai yaro yake yi.

Na gida shi ke buɗe baki, don yaro yana son a san yayarsa da kakarsa. Amma aikinsa da yawa. Zai tambayi baffa da kawu, a ce masa duk "uncle" ne, goggo da inna kuma "aunt". Ga abokiyar zaman mahaifiyarsa, ga 'yan uba. Wani ma kunya za ta hana shi ambaton sunan mahaifinsa a gaban aji, kuma bai kamata a tilasta masa ba.

Ni dai na fi son darasin farko ya tsaya a littafi, a na biyu wanda ya so ya zana gidansu ya gabatar.