Shagunan buga sira zatiyya a Makka: me suke iya yi wa mai neman aikin shemomin Mina?

Da an yi Sallah ƙarama, shagunan buga takardu na Makka, waɗanda ake rubuta wa "khadamatuɗ ɗalib" a allon ƙofa, sai su cika da mutanenmu. A Shara Mansur, a Misfala, a Rusaifa, kowa da jawwal (wayar salula) a hannu da hoton igama (katin izinin zama a Saudiyya), ana jiran layi don a buga sira zatiyya, wato takardar tarihin aiki da ake kira CV. Yawancinsu abu ɗaya suke nema: aikin mausimi, wato na lokacin Hajji kawai, a shemomin Mina da Arfa, ko rabon abinci ne, ko shara, ko gadin ƙofar mukayyam (sansanin shemomin alhazai), ko tafinta, ko tura keken tsofaffi. Hidimar waɗannan shaguna muke so mu auna, domin kusan duk salonsu ɗaya ne, kuma kurakuransu ma iri ɗaya ne.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne: hannunsu na da kyau, amma ba su san aikin shema ba. Wanda ya je da bayanansa a shirye zai fito da takarda mai amfani cikin ɗan lokaci. Wanda ya je ya zauna ya ce "rubuta mini kawai" zai fito da takarda mai ƙyalli wadda ba ta amsa ko ɗaya daga tambayoyin mai ɗaukar aiki ba.

Mu fara da abin yabo, don akwai shi. Larabcinsu tsaftatacce ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya iya magana da harshen kasuwa amma alƙalaminsa bai nuna ba. Suna da saurin aiki, suna ɗaukar hoto nan take, suna mayar da takarda PDF su turo ta WhatsApp. Da yawansu sun san hanyar Ajeer, dandalin Ma'aikatar Ƙwadago da ake bi wajen aikin wucin gadi, wanda ke da sashe na musamman na lokacin Hajji, inda kamfanoni ke sa guraben aiki, mai nema kuma ya ɗora takardarsa. Ga dattijon da waya ke ba wuya, wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa shago.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da mai shago ya buɗe kwamfuta. Akwai wani tsari da ya riga ya adana, mai shuɗin gefe da gurbin hoto a sama da taurari biyar-biyar a gaban "ƙwarewa". An yi shi ne don mai neman aikin ofis. Sai ka ga layin farko yana cewa mai takardar na burin shiga ma'aikata mai daraja don ya bunƙasa basirarsa, a ƙasa kuma an ba shi taurari huɗu a Word da Excel, alhali aikin da yake nema ɗaukar katan-katan na ruwa ne daga mota zuwa shema. Mushrif ɗin (shugaban aiki) da zai zaɓi ma'aikata yana da tarin takardu a gabansa da kwanaki ƙalilan. Idonsa na neman abu huɗu ne: yaushe kake da lokaci, takardunka na doka lafiya suke, wane harshe kake ji, kuma ka taɓa kwana a mashā'ir (Mina, Arfa da Muzdalifa) kana aiki ko kuwa. Idan bai gan su a rabin shafi na sama ba, ya wuce.

Saboda haka ranakun da kake da sarari su ne ya kamata su zo bayan suna da lambar waya, kuma a rubuta su da lissafin Hijira. Alhazai na shiga Mina ranar 8 ga Zulhajji, su tsaya Arfa ranar 9, su kwana Muzdalifa, su dawo Mina har 12 ko 13. Amma aikin mukayyam ya riga wannan farawa: shimfiɗa katifu, gwada na'urorin sanyaya shema, jera ruwa, liƙa lambobi. Bayan tafiyar alhazai kuma akwai kwashe kaya da wanke wuri. Wanda ya rubuta "ina da sarari daga 20 ga Zulƙida zuwa 20 ga Zulhajji, dare ko rana, kuma zan kwana a wurin aiki" ya fi wanda ya bar gurbin fayau nesa ba kusa ba. Ba mu cika ganin shagon da ke tambayar wannan da kansa ba. Kai za ka faɗa, ka kuma tsaya sai an rubuta.

Sai harshe, kuma nan ne abin ya fi ba mu takaici. Sau da yawa mai shago yakan rubuta "Larabci: madalla, Turanci: matsakaici", ya tsallake Hausa gaba ɗaya, ko ya jefa ta can ƙasa kamar abin kunya. Ga aikin shemomin alhazan Afirka ta Yamma, Hausa ita ce jarinka. Dubban alhazan Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da ita suke magana, kuma tana cikin harsunan da ake fassara huɗubar Arfa da su. Tsohuwar da ta ɓace a hanyar dawowa daga jifa, ba ta san lambar shemarta ba, ba ta jin Larabci, wanda zai ce mata "Hajiya, daga wace jiha kike?" shi ne ma'aikacin da kamfani ke bukata. A sa Hausa a layin farko na harsuna, a bayyana ko kana karanta ta kana rubuta ta. In kana jin Fulatanci, Zabarmanci, Kanuri ko Faransanci, a jera su duka. Kada a yi ƙarin gishiri a Turanci. Tambaya biyu a waya ta isa ta tona.

Wajen gogewar aiki, shaguna na son kalmomi masu kumbura irin "na yi hidimar baƙin Allah cikin ƙwazo da amana". Kowa haka yake rubutawa, don haka ba ta bambanta kowa. Abin da ke aiki shi ne layi mai shekara da wuri da adadi, misali: "Hajjin 1445, mai rabon abinci a mukayyam na alhazan Afirka, Mina, shema 12 a hannuna, aikin dare." Layi uku irin wannan sun fi shafi guda na yabon kai. Wanda bai taɓa aikin Hajji ba ya kawo abin da ya yi kama da shi: rabon buɗa-baki a Ramadan, aikin otal a lokacin Umara, dakon kaya, gadin gini, girkin walima na mutum ɗari biyu. In akwai shaidar aiki ko katin ma'aikaci na bara, a haɗa hotonsa a shafi na biyu.

Masu neman aikin abinci su kula da abu biyu da shaguna ba sa sani. Na farko, shahada sihhiyya, katin lafiyar masu taɓa abinci da ake fitarwa ta dandalin Balady: a rubuta lambarta da ranar ƙarewarta. Wadda za ta ƙare kafin ranar Arfa daidai take da babu. Na biyu, cika takarda da iya girki a kan gas ba ya ƙara komai, domin hukumar kashe gobara ta hana shiga da tukunyar gas mashā'ir a lokacin Hajji. Tun bayan gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci rayuka sama da 300, aka sauya shemomin zuwa masu jure wuta, aka kuma tsaurara doka. Abin da ya fi amfani shi ne a nuna an san rabo da adana abinci: mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, a san lokacin da kwano ya daɗe a waje har ya zama na zubarwa.

Haka nan allurar sanƙarau, wadda ake bukata ga masu aiki a mashā'ir kamar yadda ake bukata ga alhazai. A yi ta aƙalla kwana 10 kafin shiga, a rubuta ranar a takarda, shaidarta kuma tana fitowa a manhajar Sehhaty. Wanda ya yi kwas ɗin agajin gaggawa, irin na hukumar agaji ta Hilal Ahmar, kada ya bari a binne shi a ƙasan shafi. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukuma kuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301. Ma'aikacin da ya san alamun bugun rana, ya san ya kai mutum inuwa, ya jiƙa masa jiki, ya kira 911, kowane mushrif zai so shi a kusa.

Akwai kuma kurakuran bugu da ke kashe takarda ba tare da mai ita ya sani ba. Mafi yawa shi ne lambar waya. Idan aka buga ta da tazara tsakanin lambobi a cikin layin Larabci, sai rukunonin su juye, 05 ta koma ƙarshe. A sa a buga lambobi goman a haɗe, sannan kai da kanka ka karanta su daga takardar ka kira, ka ji ko wayarka za ta yi ƙara. Lambar igama ma goma ce, tana farawa da 2, ta ɗan ƙasa kuma da 1. A bi ta ɗaya bayan ɗaya. Suna ya zo harafi da harafi yadda yake a igama, ko da ba haka ake kiranka a gida ba, don sunayenmu sukan canza kama in an mayar da su Larabci, kuma bambancin harafi ɗaya kan tsayar da tasrihi, wato takardar izini. Wasu shagunan sukan buga takarda a firinta sannan su ɗauki hotonta su ba ka a matsayin PDF. Ta yi nauyi, ta yi dishi-dishi. Ka nemi wadda aka fitar kai tsaye daga Word, ka karɓi fayil ɗin Word ɗin ma, don baɗi ranaku kawai za ka sauya. Sunan fayil ya zama sunanka, ba na wanda aka yi wa aiki kafin kai ba. Wannan na faruwa fiye da yadda ake zato, har ma a tarar da ranar haihuwar wani a cikin takardar.

Maganar amana ita ce mafi nauyi. Kada ka ba mai shago kalmar sirrin Absher, asusunka na hidimomin gwamnati, ko da ya ce don sauri ne. Shiga Ajeer ta Nafath ake yi, manhajar gwamnati ta tabbatar da mai shiga, lamba za ta fito a kwamfutarsa, kai kuma ka zaɓi irinta a wayarka. Wayar ta zauna a hannunka, ka kuma duba sunan hidimar da ke neman izini kafin ka taɓa. In an gama, a fita daga asusun a gabanka, a goge hoton igamarka daga kwamfutar da kowa ke amfani da ita. Shago nagari ba ya jin haushin wannan.

Kuma shago ba ya ba da tasrihi. Kamfanin da ya ɗauke ka shi ke fitar da izinin aikin mausimi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka tasrihin Mina ba tare da kamfani da kwantiragi ba, ka tashi ka bar masa kujerarsa. Mai igama da ke ƙarƙashin kafili (ubangidan da igamarsa ke ƙarƙashin sunansa) ya daidaita da shi tun da wuri, don yi wa wani aiki ba bisa ƙa'ida ba laifi ne a dokar ƙwadago. Mai bizar Umara ko ziyara ba shi da izinin aiki, komai kyan takardarsa. Sannan tasrihin aiki ba tasrihin Hajji ba ne: a 2025 tarar yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, baƙo kuma a kore shi daga ƙasar tare da hana shi dawowa shekara 10.

Mata da miji da ke son aiki a mukayyam ɗaya su yi takarda biyu daban, kowa da lambarsa, don ɓangaren mata daban yake kuma mata ke hidimarsa. Layi ɗaya a ƙasa ya isa a nuna ana son wuri ɗaya in zai yiwu.

Wannan takardar, da ɗan gyara, tana aiki ga sansanonin hunturu na jeji, irin na AlUla da na Sumama da ke arewacin Riyad, inda ma'aikaci kan yi watanni yana kwana a karafan (ɗakin tafi-da-gidanka). Can abin da ake dubawa shi ne lasisin tuƙi, iya kula da janareto da tankin ruwa, hura wuta da haɗa gahawa. Tunda ba ka da gida a wurin, a sa gajeren adireshinka na ƙasa, mai harafi huɗu da lamba huɗu, sannan a rubuta a fili cewa kana bukatar masauki.

Game da kuɗi, a yi ciniki kafin a zauna, domin bugu daban, fassara zuwa Turanci daban, ɗorawa a Ajeer daban, wani ma har hoto daban. Fassarar Turanci ba ta da wani amfani ga yawancin ayyukan Mina, shafi ɗaya na Larabci ya wadatar. Bugu mai launi da leda mai sheƙi ma haka, tunda a waya za a karanta. A watan Shawwal a je da safe, lokacin da mai shago ke da sukunin sauraro, da bayanan a rubuce a takarda: ranaku, lambobin igama da waya, harsuna, ayyukan baya da shekarunsu, ranar allura, da lambar IBAN ta asusun da ke da sunanka, mai farawa da SA, don ranar sa hannu a kwantiragi za a tambaye ta.