Ina za ka yi karatu in kana son koyar da soshiyal a sakandare?

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, yaran unguwarmu kan yi mini sallama bayan magariba, wasu ma tare da iyayensu, kuma tambayar kusan ɗaya ce: Malam, ina ya kamata in je in karanci darasin zamantakewa don in koyar? Na daɗe ina koyar da darasin a ƙaramar sakandare a nan Jos, kuma ba ta miƙaƙƙiyar hanya na iso ba, sai da na sha tuntuɓe. Ga abin da nake gaya musu.

Ka fara sanin abin da za ka zuba kuɗinka a kai. Soshiyal, kamar yadda yara ke kiransa, darasin ƙaramar sakandare ne, aji ɗaya zuwa uku. A babbar sakandare yakan rarrabu ya zama gwamnati, tarihi, labarin ƙasa da tattalin arziki. Hukuma kuma ba ta barin manhajar ta huta: yau a haɗa shi da ilimin zama ɗan ƙasa, gobe a raba, jibi a sauya masa suna. Tarihi ma an taɓa cire shi daga ƙananan azuzuwa kafin a dawo da shi. Saboda haka karatu mai faɗi kake buƙata, wanda duk inda aka juya manhajar za ka iya tsayawa gaban allo.

Ni dai zaɓina digirin koyarwa na shekara huɗu a Jami'ar Jos, ba na ɓoyewa. Jami'ar ta soma a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, kuma tsangayarta ta ilimi ta yaye malamai da yawa da ke makarantun Filato da Bauchi da Nasarawa. Sharaɗin shiga shi ne kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sai makin JAMB da tantancewar jami'a. A ciki za ka karanci darasin kansa, iyali da al'adu da mulki da yawan jama'a da muhalli, sannan ka karanci sana'ar: yadda ƙwaƙwalwar yaro ke ɗaukar karatu, yadda ake tsara darasi, yadda ake shirya jarrabawa da auna ta.

Amma abu biyu ne suka sa nake fifita ta. Na farko koyarwar gwaji, wato TP. Za a tura ka makaranta ta gaske ka yi makonni kana shiga aji, wata rana kuma malaminka ya shigo ba sanarwa, ya zauna a bencin baya da littafin tsarin darasinka a hannu. Ranar da ka tsaya gaban yara sittin, alli ya ƙare, na baya suna surutu, ranar za ka san ko kai malami ne. Duk shirin da ba ya ɗaukar wannan da muhimmanci takarda kawai yake sayarwa.

Na biyu shi ne mutanen da za ka zauna da su. Wanda ya tashi a Jos bayan rikicin 2001 da na 2008 ya san yadda unguwanni suka rabu, har yaro ya girma bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. A ajin jami'a ɗan Unguwar Rogo zai yi aikin rukuni da ɗan Riyom da 'yar Bokkos da Inyamurin da aka haifa a Apata. Gobe kai ne za ka koyar da zaman lafiya da haƙuri da juna ga 'ya'yan Hausawa da Birom da Anaguta da Afizere a aji ɗaya, kai ne za ka bayyana musu yadda haƙar kuza ta tara kakanninsu a wannan tsauni. Wannan ba daga littafi kaɗai ake koyonsa ba. Ƙari a kan haka, ɗan gari zai iya kwana a gidansu ya hau keke zuwa Naraguta, an huta da kuɗin haya. Aibin jami'ar kuwa yajin aiki: na ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, a 2022 wata takwas ya ci. Ka sa wannan a lissafi.

Hanya ta biyu NCE ce, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, shekara uku, a kwalejin ilimi ta Gindiri, ko ta Zuba ga mutanen Abuja. Pankshin kuwa yanzu ta zama jami'ar ilimi ta tarayya. NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma masu ita sun iya riƙe aji, ban raina su ba. Sai dai a aikin gwamnati mai NCE a mataki na 7 yake farawa, mai digiri a na 8, kuma in ka dawo neman digiri ta DE, wato shiga jami'a kai tsaye da takardar NCE, yawanci aji biyu za a sa ka, uku da uku shida ke nan. Ta dace da wanda makinsa bai kai ba ko yake son fara karɓar albashi da wuri.

Wanda ya riga ya yi digiri a kimiyyar siyasa ko nazarin halayyar jama'a, ya ƙara PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, ko a jami'a ko a cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna, magana ta ƙare. NOUN, jami'ar karatu daga gida, ta ma'aikaci ce mai iyali, ba ta ɗan shekara goma sha takwas ba. Jami'o'in kuɗi kuwa, albashin malami ba zai mayar da abin da aka kashe ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Shekara biyu na ɓata a wata cibiya da ke aron azuzuwan wata firamare Asabar da Lahadi, wai reshen wata jami'a ce ta kudu. Akwai allo, akwai katin shaida, har rigar bikin shiga muka sa aka ɗauke mu hoto. Kuɗin makaranta kuwa asusun wani mutum muke turawa, kuma da kuɗin ɗinkin mahaifiyata ake biya. Sai da wani abokina ya je jami'ar da kansa aka ce ba su san da mu ba. Muka wayi gari an kulle ofishin, lambar waya ba ta shiga. Daga sifili na sake farawa.

Don Allah kafin ka biya ko sisi, ka duba waɗannan. Gurbin karatun ya fito a shafinka na JAMB, a CAPS, tsarin da JAMB ke ba da gurbi ta cikinsa, ka karɓa da hannunka. In sunanka ba ya rajistarsu, za ka sha wahala ranar tafiya bautar ƙasa. Ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta amince da jami'ar, kuma ta amince da kwas ɗin kansa, domin abu biyu ne daban. Kwalejojin ilimi kuma hukumar NCCE ce ke kula da su. NUC takan fitar da sunayen jami'o'in bogi, ka nema ka karanta. In an ce maka cibiya reshen wata jami'a ce, ka shiga mota ka je ofishin magatakardan jami'ar ka tambaya, kuɗin motar bai kai na shekara biyu ba. Makarantun tarayya ta Remita ake biyansu, duk wanda ya ba ka lambar asusunsa ya ce yana da hanya a ciki, ka juya ka tafi.

Haka ma ka kiyayi masu tallan digirin Kwatano ta ƙasar Benin. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya bankaɗo yadda ya samo digiri a can cikin mako shida, kuma a farkon 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Har yau akwai dillalansu a shagunan intanet na garin nan.

Sai TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993. Sai ka gama karatu ka zauna jarrabawarta a kwamfuta kafin ka samu shaida da lasisi. Akwai masu cewa kawo kuɗi su kawo maka takardar har gida ba tare da ka zauna ba. Na ga malamin da ya yi shekaru yana aiki da irin wannan, ranar tantance ma'aikata aka buga lambarsa ba ta fito ba, a ranar aka karɓe masa rajistar aji.