Ajin zubi da tsari na Titin Gidan Zoo

Ajin koyon rubuta labari da nake zuwa ran Asabar ya ci kuɗinsa. Malamar ba ta da dogon surutu. Za ta sa ka rubuta kowace fitowa ta labarinka a 'yar takarda, ka jera su kan tabarma, sai ta zare ɗaya ta ce, "Malam, labarin ya rushe?" In bai rushe ba, fitowar cikon benci ce. Nan na gane ciwon wasu littattafanmu na soyayya: tauraruwa na ta kuka, amma ba abin da take nema, ba mai tare mata hanya. Darasin warware ƙullin labari ne dai take yi a gurguje, ga zafin ɗakin in an ɗauke wuta.