Gida Naka, Ƙasa ta Wani: Abin Dubawa Kafin Ka Sayi Gida a Ingila

Gidaje biyu a titi ɗaya, ɗakuna iri ɗaya, taga tana kallon taga, amma ɗaya ya fi ɗaya arha nesa ba kusa ba. Dillali zai ce ka taki sa'a. Kafin ka yi murna, yi masa tambaya guda: shekara nawa suka rage a takardar gidan? Sau da yawa amsar arhar tana nan.

A Ingila da Wales mallakar gida iri biyu ce manya. Akwai firihol, wato mallakar dindindin: gini naka, ƙasar da yake kai taka, babu ranar da za a ce wa'adi ya cika. Akwai kuma lishol, mallakar wa'adi. A nan ba ginin ka saya ba, ka sayi izinin zama a cikinsa na wasu shekaru, yawanci 99, 125 ko 999, ƙasar kuwa tana hannun wani. Kusan duk fulat, wato gida ɗaya cikin gidaje da yawa a gini guda, da ke cikin dogon bene a haka ake sayar da shi. Abin da sabon mai saye ke mantawa shi ne, ba daga ranar da ya karɓi mabuɗi ake fara ƙirga ba. Idan an rubuta wa'adin shekara 99 a 1985, wanda ya saya a 2025 shekara 59 kawai ya saya, komai kyan fentin falon.

Lambar da ya kamata ta tsaya maka a rai ita ce 80. Dokar 1993 ta bai wa mai fulat damar tilasta wa mai ƙasa ya ƙara masa shekara 90 a kan abin da ya rage, ya biya kuɗi. To amma da zarar wa'adi ya sauka ƙasa da 80, lissafin ya canza: ƙarin darajar da gidan zai samu bayan tsawaitawa, rabi na mai ƙasa ne. Shi ya sa tsakanin shekara 81 da 79 akwai tazarar da aljihu ke ji sosai. Bankuna da dama kuma suna ja da baya wajen ba da lamuni a kan gajeren wa'adi, ka ga ranar da ka tashi sayarwa masu saye sun ragu. Majalisa ta yi sabuwar doka a 2024 wadda ta tanadi ƙarin shekara 990 a maimakon 90 da soke wancan rabon, sai dai a hankali ake fara aiki da sassanta. Wanda ya fara aiki a Janairun 2025 shi ne cire sharaɗin sai ka shekara biyu da mallakar gida kafin ka nemi ƙari. Don haka kada ka yi ciniki a kan alkawarin doka, ka sa lauya ya faɗa maka abin da ke aiki a ranar da za ka sa hannu.

Sai kuɗin ƙasa, wanda ake biyan mai ƙasa duk shekara ba don ya yi maka wani aiki ba. A tsofaffin takardu ɗan abu ne kaɗan. Matsalar ta taso ne da wasu magina suka riƙa cusa sharaɗin ninkawa duk shekara goma. Ɗauki fam 250. Bayan shekara goma ya koma 500, bayan ashirin 1,000, bayan hamsin 8,000. Layi ɗaya ne a tsakiyar takarda mai shafuka masu yawa, kuma ya isa ya sa gida ya ƙi sayuwa. Tun 30 ga Yunin 2022 doka ta hana wannan a sababbin yarjejeniyoyi, inda kuɗin ƙasa ya koma abin da lauyoyinsu ke kira ƙwayar masoro, ma'ana babu komai. Amma idan tsohuwar yarjejeniya ka saya daga hannun wani, da sharuɗɗanta ka gaje ta.

Kuɗin hidima daban ne, kuma ni a ganina shi ya fi cin mutane. Da shi ake gyaran rufi, lifta, inshorar gini da sharar matakala. Ba laifi ba ne a biya, wani dole ya gyara rufin. Abin nema shi ne lissafin shekara uku da suka wuce, da ko akwai asusun ajiya na manyan gyare-gyare, da ko an riga an tsara wani babban aiki. Doka ta ce idan aiki zai ci wa mutum ɗaya fiye da fam 250 sai an tuntuɓi mazauna tukuna, amma tuntuɓa ba yafewa ba ce, takardar biya za ta zo. Idan dogon bene ne, tambayi batun abin da aka lulluɓe bangon waje da shi. Tun gobarar benen Grenfell a Landan a 2017, wadda ta kashe mutum 72, bankuna ba sa wasa da shaidar cewa bango ba mai cin wuta ba ne.

Karanta hane-hanen ma. Wata takardar ta hana ajiye dabba, wata ta hana ba da haya, wata sai da izini za ka fasa bango. Wanda ya karya sharaɗi ko ya tara bashi, mai ƙasa na iya kai shi kotu ya nemi ƙwace gidan. Ba kasafai ake kaiwa can ba, amma yana rubuce.

To wanne za a zaɓa? Idan gida ne mai zaman kansa, nemi mallakar dindindin, ban ga dalilin yarda da wa'adi a kansa ba. Ko a nan ɗin a duba, domin wasu sababbin unguwanni suna karɓar kuɗin kula da hanyoyi da filin wasa, wasu tsofaffin takardu kuma suna hana ƙara gini. Idan fulat ne, mafi daɗi shi ne wanda mazauna suka haɗu suka mallaki ƙasar da kansu, sai dai zaman lafiyarka ya dogara da halin maƙwabta ranar da aka ce a kawo kuɗin rufi. Akwai tsari na uku da dokar 2002 ta kawo, inda kowa ke mallakar fulat ɗinsa har abada, a haɗu a kula da sauran ginin. Kyakkyawan tsari ne, amma da wuya ka ci karo da shi a kasuwa.

Kan ciniki kuwa, "na sallama" ta baki ba ta ɗaure kowa a Ingila. Har sai lauyoyi sun yi musayar takardun yarjejeniya, mai gida na iya sayar wa wanda ya ɗara ka, kuɗin binciken da ka kashe kuma ya tafi. A ranar musayar ake ba da kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin ɗari, wanda ya janye bayan nan ya yi asararsa. Kafin wannan rana lauya zai binciki rajistar filaye, ƙaramar hukuma, magudanar ruwa da haɗarin ambaliya. Lafiyar ginin ba aikinsa ba ne. Ƙimar da banki ke yi ma don kare kuɗinsa ne, ba don ya gano maka danshi a bango ba. Ɗauki naka masanin gini, in ba haka ba ka yi cinikin biri a sama.

Idan ku biyu ne za ku saya, lauya zai tambaye ku yadda za a rubuta mallakar, tsari biyu ne. A tsari na farko, wanda ya rasu kasonsa ya koma ga ɗayan kai tsaye, wasiyya ba ta taɓa shi. A na biyu kowa da kasonsa sananne, kuma yana shiga cikin gadonsa. Wanda ke son magadansa su samu rabo, na biyun ne nasa. Sannan ka faɗa wa lauya gaskiya idan kana da wani gida, ko da a wata ƙasa yake, domin yana iya jawo ƙarin kashi 5 cikin ɗari na farashin gidan a harajin sayen gida, wanda kuma ba mazaunin Birtaniya ba ne ana ɗora masa wani kashi 2.