Flickr da hotunan zamanin Turawa: ra'ayina

Duk mai WhatsApp ya san irin hoton nan baƙi da fari da ake turowa da rubutun "Kano a 1920". Gobe sai a sake turo maka shi ya koma Zariya. Wannan ne ya kai ni Flickr, wani shafin intanet da ake ɗora hotuna, kuma har yanzu can nake fara dubawa kafin in yarda.

Sashen da ya fi min amfani shi ne Flickr Commons, wanda aka buɗe a 2008 tare da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka. Gidajen adana tarihi ne da kansu ke ɗora hotunansu. A 2011 ma'adanar takardun gwamnatin Birtaniya ta zuba dubban hotunan Afirka daga taskar Ofishin Mulkin Mallaka, har da na Najeriya: layin dogo, kasuwanni, sarakuna da fadawansu. Kowane hoto na ɗauke da lambarsa mai farawa da CO 1069, wato za ka iya bin sawunsa har akwatin da ya fito. Kallo kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba. Kuɗin data dai naka ne.

Amma ka lura da rubutun da ke ƙasan hotunan. Sau da yawa Bature na zaune kan kujera a tsakiya, hular kwano a cinya, an rubuta sunansa da muƙaminsa. Mutanen da ke tsaye bayansa da rawuna da manyan riguna kuwa, kalma ɗaya aka haɗa su a ciki. Don Landan aka ɗauki hotunan, ba don jikokin waɗancan mutane ba. Kakanninmu labari na zuwa musu ne ta bakin sankira, ko majigi a ƙofar fada, ko Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, wanda ya iya boko ya karanta wa jama'a. Da wuya a ce sun ga hoton nasu da idonsu.

Shafin ya bar gurbin sharhi don wanda ya gane wuri ko fuska ya faɗa. Matsalar ita ce da Turanci ake bincike, kuma tsofaffin da za su gane ba sa hawa intanet. Ni dai saukewa nake yi in kai wa kawuna, in ƙara girman hoton a waya, ya sa tabarau ya duba naɗin rawani ya ce min na wane gida ne.